Sabis Ya Cika, Amma Murya Na Yankewa

Na gaji da jin wata magana da ta zama ruwan dare daga Kwanar Dangora har Tudun Wada: wai idan kiran WhatsApp yana yankewa, sai a sayi data mai yawa, ko a sauke manhajar "ƙara ƙarfin sabis". Jama'a, asarar kuɗi ce kawai.

Murya da bidiyo suna tafiya a intanet ne gutsure-gutsure. Kiran kai tsaye yana so gutsuren su iso da wuri, a jere, ba tare da sun zube a hanya ba. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150. Yawan datarka bai taɓa wannan lissafi ba. Wanda ya cika tankinsa da mai ba ya tsallake cunkoson ranar kasuwa.

Sandunan da kake gani a saman waya kuwa, ƙarfin siginar da ke tsakaninka da turken sabis kaɗai suke nunawa. Ba sa gaya maka mutum nawa ke rububin turken nan bayan isha'i, balle abin da ke faruwa a can gaba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya, alhali sanduna a cike suke. Wace manhaja ce za ta ɗinke wayar da ke cikin teku? Yawancinsu talla suke zuba maka, su cinye datar da ka saya da guminka.

Kada YouTube ya ruɗe ka don ka ga ba ya yankewa. Shi yana tara bidiyon gaba kafin ka kalla. Hirarka da ɗan'uwa a Makka ba ta taruwa. Ban da cunkoso, nisa da turke, kamar wajen dajin Falgore, shi ma dalilin yankewar murya ne.

To, idan murya ta fara sarƙewa, kashe bidiyon ka bar murya. Hana wayarka sauke hotunan zauruka da kanta. Kashe hotspot, yara su haƙura da TikTok na ɗan lokaci. Kira da safe maimakon dare, ko ka aika saƙon murya, shi yana jure jinkiri. Wa'azi da karatu, sauke su ka ajiye. Idan matsalar ta daɗe kuma kamfani ya ƙi kulawa, kira 622, layin ƙorafi na hukumar NCC, kyauta ne.