Ko Kun Sani? Ɗakin Bautar da Ruwa ke Haɗiyewa Duk Damina

Mutanen Yawuri, Ngaski da Shanga sun san yadda dam ke cin ƙasa. Da aka tare Kogin Kwara a Kainji a 1968, tsibiran Gungawa da dama da tsohon garin Bussa sun nutse.

Haka ma a jihar Andhra Pradesh ta Indiya akwai ɗakin bautar Hindu mai suna Sangameswaram, wanda dam ɗin Srisailam na Kogin Krishna ya nutsar a farkon shekarun 1980. Amma shi yakan dawo. Da rani, ruwa na janyewa sai ginin ya leƙo, masu ziyara su kwashe laka, su kunna fitilu, su zuba wa abin bautarsu Shiva furanni. Damina na kankama, ruwa ya sake rufe shi.

Alamar Shiva da ke ciki ta itace ce, alhali galibi da dutse ake yin ta. Mabiya Shiva na cewa Dharmaraja, babban wasu 'yan'uwa biyar da ake kira Pandawa, ya aiki ƙanensa Bhima birnin Kashi ya ɗauko alamar da za a kafa. Da Bhima ya makara, lokacin kafawa na neman wucewa, sai wansa ya kafa ta itacen dogon yaro.