Wai Baƙin Rami Ya Farka Zai Haɗiye Duniya? Ga Gaskiyar Magana

Makon jiya wani yayana da ke harkar shanu a Legas ya turo mini bidiyo a WhatsApp, wai wani baƙin rami a sararin samaniya ya farka, zai haɗiye duniya. Har iyalinsa sun kasa barci. Ni dai sakandare na gama, ina taya Baba kasuwanci a nan Minna, amma na zauna na karanta batun.

Baƙin rami gawar ƙaton tauraro ce da ta dunƙule, ƙarfin janta ya kai ko haske ba ya kuɓuce mata. To ta yaya ake gane shi? Ta wajen cinsa. In akwai tauraro kusa da shi, sai ya dinga zuƙo iskar gas daga jikinsa. Gas ɗin ya yi ta kewaya ramin har ya ɗauki mugun zafi, ya fitar da hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti. Wannan haske ba ya ratsa iskar duniya, shi ya sa ake dubansa da tauraron ɗan adam. Na farko da aka ƙera don aikin, Uhuru, daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi a 1970.

Hasken kuma hawa da sauka yake yi. Akwai wani mai suna V404 Cygni: ya haska a 1938, ya haska a 1989, sai ya yi tsit na shekara 26, ya sake ɓarkewa a Yunin 2015. Kamar madatsar Shiroro ne da damina: ruwa ya yi ta taruwa, in ya cika a sake shi. Haka gas ke taruwa shekara da shekaru, sannan ya kwararo lokaci guda. Wannan shi ne "farkawar" da ake yayatawa.

Irin wannan sauyi ne ke sa masana zargin baƙin rami, daga nan su auna nauyinsa don su tabbatar. Na V404 ya kai ninki 9 na nauyin rana.

Nisansa kuwa, haske sai ya yi tafiyar shekara kusan 7,800 kafin ya iso mana. Ka ga abin da aka gani a 2015 ai tsohon labari ne. Don haka Yaya, ku kwantar da hankalinku, kuma don Allah a daina tura bidiyon nan gaba.