Bulala 24 da Askin Dole: Labarin Minere Amakiri

Ranar 30 ga Yuli 1973, Gwamnan soja na Jihar Ribas, Alfred Diete-Spiff, ya cika shekara 31 a duniya. A wannan rana kuma jaridar Nigerian Observer, wadda ake bugawa a Benin, ta fito da labarin da ya ɓata wa fadarsa biki. Malaman makarantun jihar ne suka bayyana koke-kokensu, suka yi barazanar ɗaukar mataki idan gwamnati ba ta saurare su ba. Wakilin jaridar a Fatakwal, Minere Amakiri, shi ya rubuta labarin.

Abin da ya harzuƙa na kusa da gwamna shi ne ranar da labarin ya fito. A ganinsu, an zaɓi ranar ce da gangan don a kunyata mai gida. Sai aka ɗauko Amakiri aka kai shi gidan gwamnati, inda dogarin gwamna, wani jami'in 'yan sanda mai suna Ralph Iwowari, ya sa aka hukunta shi. Aka aske masa kai ƙarfi da yaji, aka tuɓe shi, aka tsula masa bulala 24, sannan aka kulle shi har tsawon awa 27. Duk wannan babu tuhuma, babu alƙali.

Zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon ne, lokacin da gwamnan soja ke da wuƙa da nama a jiharsa. Wani da ya sha irin wannan kashi, sai ya koma gida ya yi jinya, ya gode wa Allah da ya tsira da ransa. Amakiri ya ƙi haɗiye wulaƙancin. 'Yan jarida a faɗin ƙasa suka tsaya masa, suka yi ta yayata maganar, domin sun san in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Wani matashin lauya daga Legas, Gani Fawehinmi, ya karɓi shari'ar, ya maka dogarin a babbar kotun Fatakwal, wato a cikin garin da gwamnan yake mulki.

A 1974 Mai Shari'a Ambrose Allagoa ya yanke hukunci, ya ba Amakiri gaskiya. Ya yi wa zaluncin lissafi dalla-dalla: kowace bulala Naira 200, wato Naira 4,800 ke nan, askin dole Naira 2,600, tsarewa ba bisa ƙa'ida ba Naira 2,600. Jimilla Naira 10,000, a lokacin da Naira ta fi dalar Amurka daraja. Hukuncin ya nuna cewa ko a ƙarƙashin soja, kusanci da gwamna bai ɗora kowa bisa doka ba.

Shari'ar ba ta kawo ƙarshen takura wa 'yan jarida ba. A 1984, a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda. A 1986 aka kashe Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bam ɗin da aka aika masa cikin ƙunshin wasiƙa.

Yau sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati. Amma rubutu a takarda ba ya kare kowa sai an samu masu tsayawa a kansa. Amakiri ya yi nasara ne saboda ya kai ƙara, abokan aikinsa sun mara masa baya, alƙali kuma bai ji tsoro ba. Duk ranar da aka taɓa ɗan jarida don ya faɗi gaskiya, wannan hanyar ce ya kamata a bi.