Motarka Da Ƙafa Huɗu Take Ja? Dakata Kafin Ka Sayi Taya Ɗaya

Wata Asabar ina zaune a bencin mai facin unguwarmu, ina jiran a duba mini iska, sai ga wani maƙwabcina ya lallaɓo da jif ɗinsa a kan safaya. Rami ya faɗa da daddare, tayar gaba ta dama ta tsage a gefe. Mai faci ya zura yatsu biyu cikin tsagar, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan kam ta gama aiki, ba a facin gefe." Nan take Alhaji ya ƙirga kuɗi ya aiki yaro kasuwa, aka kawo sabuwa dal guda ɗaya, tana ta ƙamshin roba. Na leƙa bayan motar na ga haruffa uku, AWD, na dubi sauran tayoyin na ga zanensu ya yi nisa da cinyewa. Na ce, "Alhaji, da dai an auna su tukuna." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ukun nan ai da sauransu, sai su kai ni baɗi."

Tayoyin sun kusa kai shi baɗin. Motar ce ba ta kai ba. Bayan 'yan watanni ta fara wani gunji daga ƙasa idan ya hau babban titi, sannan ta riƙa cijewa idan zai yi kwana a matsattsen wuri, kamar mai jan ƙafa. Da bakanike ya kwance, sai ga man da ke cikin akwatin raba ƙarfi ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna. Abin da ya kashe a gyara ya isa ya sayi tayoyi huɗu har da canji.

Irin waɗannan motoci sun cika titunanmu yanzu. RAV4, Highlander, CR-V, Lexus RX, ga Subaru jefi-jefi, yawancinsu 'yan Beljiyam ne da suka gama wata rayuwar a Amurka ko Kanada kafin su iso mu. A kowane samfuri akwai mai ja da ƙafafun gaba kawai, akwai mai ja da huɗu, in ban da Subaru da kusan duk motocinsa da huɗu suke ja. Mutane da yawa ba su ma san wacce suke tuƙawa ba. Wanda bai tabbatar ba ya duba bayan motarsa ko akwai AWD ko 4WD, in an ɓamɓare rubutun ya durƙusa ya leƙa ƙasa: idan injin a gicciye yake a gaba, kuma ga doguwar farfela ta miƙe zuwa ƙafafun baya, to da shi nake.

A motar da ke ja da gaba kawai, ƙafafun baya bi kawai suke yi, ba ruwansu da inji. A mai ja da huɗu kuwa gaba da baya a ɗaure suke da juna, kuma a tsakaninsu akwai na'urar da ke raba ƙarfi. A wasu motocin haƙoran giya ne, a wasu kuloci ne da kwamfutar mota ke matsewa da saki, a wasu kuma faifai ne a cikin wani mai mai kauri. Duk an yi su ne don su jure bambancin gudu na ɗan lokaci, kamar sa'ad da ake kwana, ko ƙafa ɗaya ta shiga yashi ko taɓo tana sulɓi. Ba a yi su don su jure bambancin da ba ya ƙarewa ba. Taya sabuwa a cikin tsofaffi kuwa bambanci ne da ba ya ƙarewa, domin ta fi su girma, ko da ido bai gani ba.

Bari mu yi lissafin a fili. Ɗauki tayar da aka rubuta wa 225/65 R17, wadda RAV4 da CR-V da yawa ke amfani da ita. Sabuwarta tana da zagaye kimanin mita 2 da santimita 27, zurfin zanenta kuma wajen milimita 8. A ce sauran ukun sun cinye, saura milimita 3. Bambancin milimita 5 ke nan a sama, 5 a ƙasa, wato tsohuwar ta gaza sabuwar da santimita 1 a tsayi, a zagaye kuma kimanin santimita 3. Abin kamar wasa. Amma a kowace kilomita sabuwar za ta juya kusan sau 440, tsohuwar sau 446. Daga Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, tsohuwar ta zarce sabuwar da juyi wajen 1,400. Wani ƙarfe ne a ƙarƙashin motar yake shanye wannan rarar, yana guga yana zafi, tun daga Kwanar Dangora har Kawo. Ita kuwa kwamfutar da ke karanta gudun kowace ƙafa tana iya ɗauka wata ƙafa sulɓi take yi, sai ta riƙa matse kuloci a kan busasshiyar kwalta inda babu dalili. Ba a rana ɗaya abin yake lalacewa ba, shi ya sa mai mota ba ya haɗa gunjin yau da tayar da ya saya bara.

Kamfanonin mota sun san da wannan, kuma ba bakinsu ɗaya ba a kan iyakar da za a jure. Subaru na cikin masu tsanani: ƙa'idar da aka sani a wajensa ita ce kada zagayen tayoyin huɗu ya bambanta da fiye da rubu'in inci, wato kimanin milimita 6. Wasu kamfanonin sun fi sassauci. Amma kusan kowane littafin mota mai ja da huɗu yana faɗin magana ɗaya: tayoyin su zama girma ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya, cinyewarsu kuma ta yi kusa da juna. Matsalarmu ita ce motar Beljiyam ba kasafai take zuwa da littafinta ba, in ma ta zo da shi yana can cikin aljihun gaba tare da tsofaffin rasitai. Ana samun littafin kusan kowace mota a intanet kyauta.

Ba ina cewa duk wanda ƙusa ta huda wa taya sai ya zubar da huɗu ba. Wannan ma ɓarna ce, kuma a halin da aljihu yake ciki babu mai saurara. Idan huda ce ƙarama a tsakiyar zane, wadda ba ta wuce milimita 6 ba, a kwance tayar a yi mata faci ta ciki, shi ke nan. Idan ta mutu gaba ɗaya, to awo ne zai yanke hukunci, ba ido ba. Sauran ukun in sababbi ne, ba su fi 'yan watanni ba, sai a nemo irinsu sak guda ɗaya. In sun ci rabi ko fiye, gaskiya mai ɗaci ita ce huɗu za a canza, ko kuma a nemo wadda cinyewarta ta yi daidai da tasu. A Amurka har injin aske taya suke da shi, a sayi sabuwa a rage mata zane ta dace da 'yan uwanta. Wanda littafin motarsa ya yarje masa canza biyu, ya sa su a layi ɗaya, hagu da dama, ba a gefe ɗaya ko a karkace ba.

Awon ba shi da wuya. Akwai ɗan ma'aunin zurfin zane da bai fi yatsa ba, wanda ya kamata a ce kowane mai faci yana da shi a aljihu. In babu, tef ɗin tela ya isa: a ɗaga ƙafa da jak, a daidaita iska, a zagaya tef ta tsakiyar zanen, a rubuta, a yi wa huɗun haka. Akwai kuma dabarar alli. A sami fili miƙaƙƙe, a ja layi a gindin kowace taya daidai inda ta taɓa ƙasa, a gangara da mota a hankali ba tare da karya sitiyari ba har ƙafa ɗaya ta juya sau goma. Idan tayoyin daidai suke, layukan huɗu za su dawo ƙasa tare. Idan na wata ya kauce da kusan tsawon tafin ƙafar mutum, ka ga santimita 3 ɗin nan na ɗazu sun taru sun zama 30.

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne lambar da ke jikin taya. Ana ɗauka in lamba ta zo ɗaya, girma ma ɗaya ne. Ba koyaushe ba. Kamfanoni biyu za su rubuta 225/65 R17, a auna a ga wata ta ɗara wata, zane ya bambanta, taurin roba ya bambanta. Saboda haka motar da ke tafe da tayoyi huɗu daga kamfanoni huɗu, kamar taron 'yan gudun hijira, tana cikin haɗarin nan ko da duk sababbi ne. Bayan lambar girma akwai wata kamar 102H. 102 na nufin tayar za ta ɗauki kilo 850, H kuma gudun da za ta jure, kilomita 210 a awa. T 190 ne, V kuma 240. Kada a sauka ƙasa da abin da kamfanin mota ya rubuta, musamman mu da ke loda wa jif iyali da buhunan hatsi idan za a dawo daga gida bayan Salla.

Sai maganar tayar Beljiyam, wadda ba za a kauce mata ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kasuwar ta koma hannun masu shigowa da kaya daga waje. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma kowa ya san a jibge suke a kasuwa. Ga mai mota mai ja da huɗu, illarsu biyu ce. Da wuya ka haɗa huɗu masu kamfani ɗaya da cinyewa ɗaya daga tulin da aka tsinto daga ƙasashe daban-daban. Sannan da yawansu tayoyin hunturun Turai ne, za ka gane su da hoton tsauni mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki. Robarsu mai laushi ce, an yi ta don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Ɗora ta a kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ana zafin da ya haura 40, sai ta riƙa gogewa kamar sabulu. Akwai kuma waɗanda ake sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi, a shafa musu baƙin mai su yi ƙyalli. Ka shafa cikin ramin zanen da yatsa; in ka ji kaushin yanka, ko ka hango zare ko waya, ajiye ta. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ko sabuwa ce, duba ranar haihuwarta. A gefen taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. Michelin kuwa cewa yake a riƙa kai ta ƙwararre ya duba duk shekara bayan ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. Kowanne ka bi, taya mai shekara uku a shago ba sabuwa ba ce, ko da tana cikin leda. Wanda yake ganin babbar jif ta fi ƙarfin fashewar taya ya tuna ranar 6 ga Maris, 2016, da tayar motar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ta fashe a hanyar Kaduna zuwa Abuja; shi da matarsa da ɗansa duk suka rasu.

Bayan an sayi huɗun, riƙonsu shi ne abin da zai hana a sake komawa gidan jiya. Iska na canza girman taya kamar yadda cinyewa ke yi. Masu faci da yawa sun saba da dura 40 ko 45 a kowace mota, wasu ma da dukan ƙarfe suke gane ta cika. Adadin gaskiya yana kan wata takarda a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗauki zafi. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a dura ba. A riƙa kuma juya tayoyin, na gaba su koma baya, duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, don su tsufa tare. Siririyar safayar nan ta kai ka wurin mai faci ce kawai, ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, ba a kuma kwana uku a kanta.

Na san wasu bakanikai suna da gajeriyar hanya: da zarar an fara gunji sai su ce, "Oga, a cire farfelar baya kawai, har mai za ta rage sha." Motar za ta tafi, amma ka biya kuɗin ƙafa huɗu ka koma tafiya da biyu, kuma ranar da damina ta kama ka a hanyar ƙauye za ka nemi abin da aka cire.

Masu faci, ku ne kuke fara ganin tayar kafin bakanike ya ga giya. Ku sayi ɗan ma'aunin nan, kuma idan mai jif ya ce a sa masa guda ɗaya, ku leƙa bayan motar ku gaya masa gaskiya ko da ba zai so ji ba. Kai kuma mai mota, gobe da safe kafin ka tayar da inji, zagaya ka karanta abin da aka rubuta a jikin tayoyinka huɗu: sunan kamfani, lambar girma, da lambobi huɗun nan na ƙarshen DOT.