Kalmar Ingilishi "Concentrate" da Takwarorinta a Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da mai fassara kan ci karo da su akwai kalma mai ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Malamin makaranta a ƙasar Hausa kuwa mai fassara ne, ko ya so ko bai so ba. Alal misali, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1976, mai hedkwata a Rigachikun kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, tana horar da malamai ta hanyar karatu daga nesa, kuma da Ingilishi ake rubuta akasarin darussanta. Malamin da ya karanta su yakan koma aji ya warware wa yara abin da suka ƙunsa da Hausa. Wannan darasi zai nazarci kalmar "concentrate" domin nuna yadda ake zaɓar ma'ana.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ta samo asali daga Latin. An gina ta da ɗafa-goshi mai ma'anar "tare" da kuma saiwa mai ma'anar "tsakiya". Ke nan ma'anarta ta asali ita ce tattara abubuwa a tsakiya ɗaya. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17, kuma daga wannan ma'ana sauran suka tsiro.

3.0 Ma'anoninta

(a) Tattara tunani. Wannan ita ce ma'anar da malami ya fi saduwa da ita. Hausa tana da hanyoyi da dama na bayyana ta, amma kowace da muhallinta. "Mai da hankali" ya shafi aiki ko darasi: Audu ya mai da hankali ga lissafi. "Natsuwa" ta shafi kwanciyar jiki da zuciya: yara sun natsu. "Duƙufa" na nuna dagewa na tsawon lokaci: ta duƙufa kan karatu. "Kasa kunne" kuwa ya taƙaita ga sauraro. A lura cewa yaro na iya natsuwa a aji alhali hankalinsa na filin ƙwallo.

(b) Taruwa ko tarawa a wuri ɗaya. A nan kalmar kan zo a matsayin aikatau ƙi-karɓau, kamar jama'a sun taru a birni, ko so-karɓau, kamar an jibge sojoji a iyaka.

(c) Kauri ko ƙarfin gauraye. A darasin kimiyya, sifar "concentrated" na nufin abin da aka rage wa ruwa ko wanda ba a sirka ba, kamar tumatirin gwangwani. Kishiyarsa ita ce tsinkakke ko sirkakke.

(d) Sansanin tsare jama'a. A tarihi, sunan "concentration" kan haɗu da kalmar sansani, Hausa kuma ta ce "sansanin gwale-gwale". Turawan Ingila sun kafa irinsa a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, haka ma gwamnatin Hitler a Jamus tun daga 1933.

4.0 Muhimmancin Wannan ga Malami

Kuskure a nan ba ƙarami ba ne. Malamin da bai san ma'ana ta uku ba, idan ya ga kalmar a jikin kwalbar sinadari, ba zai gargaɗi ɗalibai cewa tsantsarsa ce mai ƙona fata ba. Haka kuma wanda ya ce wa yara "ku natsu" alhali "ku mai da hankali" yake nufi, shiru kawai zai samu, ba fahimta ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa kalma ɗaya ta Ingilishi na buƙatar takwarori da yawa a Hausa. Saboda haka wajibi ne malami ya dubi jimlar da kalmar ta fito a ciki da fannin da ake magana a kai kafin ya zaɓi fassara. Ƙamus yana jero ma'anoni ne kawai. Muhalli shi ke zaɓa.

Auna Fahimta

1. Bambanta "natsuwa" da "mai da hankali" ta hanyar jimloli biyu.
2. Kawo wata kalmar Ingilishi mai ma'anoni uku, ka fassara kowace da Hausa.