Ɓera Da Ciwon Da Ya Faɗa Wa Ƙabilar Nabaho

Cikin watan Mayu na 1993, wani saurayi ƙaƙƙarfa ɗan ƙabilar Nabaho ya rasu a jihar New Mexico ta Amurka, bayan numfashinsa ya sarƙe farat ɗaya. Kwanaki kaɗan kafin nan irin wannan ciwo ya kashe budurwar da zai aura. Nabaho dai suna cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar.

Da mace-macen suka ƙaru, sai wasu jaridu suka laƙaba wa ciwon sunan ƙabilar, har mutane suka shiga ƙyamar 'ya'yanta. Amma binciken likitoci ya nuna laifin na wani ƙaramin ɓeran daji ne. Ƙwayar cutar tana cikin fitsarinsa da kashinsa. In sun bushe suka gauraya da ƙura, mai sharar ɗaki ko rumbu ya shaƙa, shi ke nan ta shiga huhunsa. Danginta ne suka jawo zazzaɓi mai zubar da jini da ya kama dubban sojoji a yaƙin Koriya.

Dattawan Nabaho kuwa ba su yi mamaki ba. Sun shaida wa masu bincike cewa an yi irin wannan annoba a 1918 da 1933, kuma duk a shekarun da ruwa ya wadata, 'ya'yan itatuwa suka yi albarka, ɓeraye suka hayayyafa. Haka kuwa aka yi a 1993, domin ɓerayen sun ninka na shekarar da ta gabata wajen sau 10. Tun asali al'adarsu ta hana a bar ɓera ya zauna cikin gida.

Nijeriya ma tana da nata rabon. A 1969 aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, kuma ɓera ne ke ɗauke da shi. Bambancin shi ne Lassa yana iya tsallakawa daga majiyyaci zuwa mai jinyarsa, kuma ya fi tsananta da rani.

Maganin farko a wuraren biyu ɗaya ne: a rufe hatsi da abinci, a toshe ramukan ɗaki, a daina shanya a ƙasa, kana a yayyafa ruwan magani kafin shara. Wanda zazzaɓi ya ƙi saki kuwa, a hanzarta kai shi asibiti.