Manhajar da ta ƙi goguwa a wayar Android: abin da ADB zai iya da inda ƙarfinsa ya tsaya

Kusan duk mai riƙe da wayar Android ya taɓa cin karo da manhajar da ta ƙi goguwa. Ya danna ta, ya nemi maɓallin gogewa, sai ya tarar babu shi, ko kuma ya dushe ba ya dannuwa. Ba lalacewa wayar ta yi ba, sharaɗi ne aka gindaya wa manhajar tun lokacin da aka ɗora ta. Wani sharaɗin yana ciruwa da rubutaccen umarni daga kwamfuta, wani kuwa ba ya ciruwa, kuma sanin bambancin shi ne ke raba mutum da asarar kuɗi.

Kayan aikin shi ne ADB, wanda Google ke bayarwa kyauta a cikin kunshin Platform-Tools na Windows, macOS da Linux. Kafin ya yi aiki sai an shiga saitin waya, an danna Build number sau 7 domin Developer options ya bayyana, sannan a kunna USB debugging. Idan aka jona kebul aka rubuta adb devices, wayar za ta nemi izini a kan allonta. Daga Android 11 ana iya haɗawa ta Wi-Fi ba tare da kebul ba.

Mafi sauƙin sha'ani shi ne manhajojin da suka zo da waya daga kamfani. Suna zaune ne a ɓangaren ma'ajiya da aka kulle, shi ya sa ba sa goguwa da hannu. Umarnin adb shell pm list packages yana jero sunayensu na ainihi, sai a ɗauki sunan wadda ake son cirewa a liƙa a ƙarshen adb shell pm uninstall -k --user 0. Sifirin nan yana nufin babban mai amfani da wayar, wato shi kaɗai aka cire wa manhajar, asalinta yana nan a ciki. Saboda haka wanda ya yi don neman fili ba zai samu wani abin kirki ba. Ribar ita ce manhajar ta daina aiki a ɓoye, ta daina shan batir da data. Idan aka yi kuskure, adb shell cmd package install-existing tare da sunanta zai dawo da ita, haka ma mayar da waya yadda ta fito daga kamfani.

Kuskuren kuwa yana da sauƙin yi, domin sunayen ba sa nuna aikinsu a fili. Wanda ya cire com.android.systemui don bai gane shi ba zai iya wayar gari da baƙin allo. Gara a fara da pm disable-user --user 0, wanda ke dakatar da manhaja kawai, a yi kwana biyu a ga ko wani abu ya taɓu.

Wani lokaci kuma amsar da ke fitowa ita ce DELETE_FAILED_DEVICE_POLICY_MANAGER. Wannan yana nufin manhajar tana riƙe da matsayin mai kula da waya, tsarin da ya shigo tun Android 2.2 a 2010. Manhajojin neman wayar da ta ɓata da na kulle allo suna neman wannan matsayi, haka ma wasu manhajojin cuta da ke son hana a goge su. Maganin wannan a cikin saitin tsaro yake: a buɗe Device admin apps, a janye izinin, sannan a goge.

A 2014 Android 5.0 ya kawo matsayi mafi ƙarfi, wanda ke mayar da manhaja mai mallakar wayar baki ɗaya. Da shi kamfanoni da makarantu ke sarrafa wayoyin da suka raba: su ɗora manhaja daga nesa, su hana goge ta, su hana mayar da waya sabuwa, har su rufe USB debugging ɗin kansa. Akwai umarnin adb shell dpm remove-active-admin da ake yawan yaɗawa a matsayin mabuɗi, amma Google ya iyakance shi ga manhajar da masu ƙirƙirarta suka yi wa alamar gwaji. A kan wayar kamfani ta gaske, ƙin amincewa kawai zai mayar. Wanda ya gindaya sharaɗin ne ke cire shi daga nasa ɓangaren, kuma da gangan aka tsara hakan, in ba haka ba ɓarawo ma zai cire.

Wannan ya fi shafar masu sayen wayar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje. Kafin a miƙa kuɗi, a duba allon kulle da saitin tsaro ko akwai rubutun da ke cewa wata hukuma ce ke kula da wayar. Idan da kwamfuta a kusa, adb shell dumpsys device_policy zai nuna ko akwai mai mallaka da sunan manhajarsa. In sunan ya fito, mai shago ya kawo wata wayar.